Sunan da Bafillata ta ƙi karantawa

Ko zan manta da duk garuruwan da na yawata, ranar gasar karatu ta Gazawa ba za ta fita daga raina ba. Yau kowa yana kallo a wayarsa, amma a shekarun babban fari na biyu talabijin ɗaya muke da shi a garin, a gidan samariya inda matasa ke taruwa, rana ke cika masa batir. Rana kuwa ba mu rasa ta ba.

Duk mako ana nuna wani wasan kwaikwayo, labarin saurayin da ya bar gida ya tafi ci-rani. Sai aka yi shela cewa za a yi gasar karatu ga manya 'yan ajin yaƙi da jahilci. Kowane gari ya zaɓi littafi mai kama da wasan, wanda ya fi iya karanta shi a gaban jama'a a ba shi akuya mai ɗa. Da yake na zauna a Kumasi da Abijan da Legas, ina jin Faransanci da Ingilishi da Fillanci, sai aka ce ni zan zaɓa.

Kama ta ina? Nan kaina ya fara ɗaurewa. Direktan lakol, wato shugaban makaranta, ya kawo littafin Faransanci mai labarin tafiya cikin ƙanƙara. Liman ya ce wa'azi ya fi dacewa da halin da ake ciki. Wani ma takardar koyon dashen albasa ya kawo, wai ai a wasan an nuna lambu. A Kumasi na ga shago cike da littattafai har rufi, mu kuwa duk abin da muka tara bai cika tabarma ba. Daga ƙarshe na ɗauki wani ƙaramin littafin Hausa da na saya a kasuwar Katsina, labarin saurayin da ya kora garke ya tafi neman ruwa.

Cikin masu gasar akwai wata Bafillata da ta zo daga arewa da jikokinta biyu, bayan shanunsu sun zube. Ɗanta ya kora 'yan da suka rage ya yi kudu, ba labari. Ta shiga ajin ne don kunun da ake rabawa, sai ga shi ta fi kowa kai. Ƙaramin jikan ba ya riƙe kunu, kullum ramewa yake, nono yake bukata. Ta gaya mini in ba ta samu akuyar nan ba, za ta goya shi su tsallaka iyaka da ƙafa. Kowa ya san yaron ba zai kai ba.

Ranar gasar, bayan la'asar, aka taru a gidan samariya, sufeton makarantu ya zo daga Maradi a matsayin alƙali. Ba a ba kowa littafin ya gani tun da wuri ba. Da aka zo kanta ta fara tiryan-tiryan, har mutane suna gyaɗa kai. Sai ta tsaya, ta tsallake kalma ɗaya, ta ci gaba.

“Koma baya, Inna,” in ji sufeto. “Kin bar wani abu.”

Ta koma, ta sake tsallakewa. Na leƙa ko takardar ta yage, lafiyarta lau. Sunan saurayin labarin ne, gajere, ta karanta waɗanda suka fi shi wuya. Na ce ko yunwa ce ta rufe mata ido, na sa aka kawo ruwa, ba ta sha ba. Na yi mata Fillanci a hankali: “Goggo, me ya faru?” Ta sunkuyar da kai kawai. Na shiga zargin littafin, na zargi hasken wurin, har na fara tunanin ko dā haddacewa take yi ba karatu ba. Sufeto ya ɗaga alƙalami zai soke ta.

Sai wata Babarbariya mai sayar da kanwa, wadda kullum suke tsokanar juna a bakin rijiya, ta ɗaga murya daga baya.

“Kai, maza! Sunan ɗanta na fari ne! Wannan baiwar tawa ko yanka ta za ku yi ba za ta faɗa ba.”

Na san al'adar sarai, amma ta yaya zan san sunan ɗan da uwarsa ba ta taɓa ambata ba?

Sufeto ya ce ƙa'ida ita ce a karanta komai.

“Ranka ya daɗe, kai na nawa ne a ɗakinku?” in ji mai kanwa.

“Na fari.”

“To me tsohuwarka take ce maka?”

Ya yi dariya. “Wannan yaron.”

“Madalla. Ta karanta nata, sunan kuma ni zan ɗaukar wa baiwata, ai dā ma mu muke ɗaukar musu kaya.”

Bafillata ta harare ta, ta ce, “Ki faɗa da kyau dai, bakin Barebari ba ya iya sunan mutane.”

Haka aka yi. Duk inda ta tsaya, mai kanwa ta faɗi sunan. Kafin a kai tsakiya mata sun karɓa, maza ma suka shiga. A shafin ƙarshe, inda saurayin ya dawo gida, gidan samariya gaba ɗaya ya kira sunan da murya ɗaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, amma ta kai layin ƙarshe.

Ita ta ci. Tana riƙe da igiyar akuyar ta ce mini, “Malam, tun da ya tafi ban ji an kira shi ba sai yau.”

Jikan ya rayu. Ɗan ya dawo bayan damina biyu, ba saniya ko ɗaya a bayansa, suka kama noma a gefen gari, gidan nan bai sake komawa kiwo ba. Ni kuwa na koyi cewa jin harshen mutum bai isa ba, sai ka san abin da bakinsa ba ya faɗa. Tun daga ranar ban sake miƙa wa kowa littafi ya karanta a gaban jama'a ba, sai na fara tambayar na kusa da shi ko akwai sunan da yake jin nauyi.