Hancin Zuliha da Kwalabe Shida

A Toranke idan aka ce Zuliha mai mai, ba sai an ƙara bayani ba. Shekara ashirin da bakwai ke nan tana suyar gyaɗa a gindin darbejiyar tsakar gidanta, tana matsar mai tana tuyar ƙuli-ƙuli, ranar kasuwar Ajingi kuma mijinta Malam Ɗahiru ya ɗaure jarkoki a bayan babur. Amma ba man ne ya yi mata suna ba, hancinta ne. Tana cikin ɗaki za ka ji ta ɗaga murya, "A sauke kaskon nan, ta yi!" a sauke kuwa a tarar ta yi. Mai sayen man shanu sai ta biyo da shi Zuliha ta shinshina ko an gauraya. Turaren lefe ma ita ake kawo wa, ta ɗan yamutsa fuska ta ce wannan ruwa ne da kala.

To, wata huɗu ke nan wannan hanci ba ya jin komai. Wata muguwar mura ta kama ta da damina, murar ta tafi, ta tafi da jin ƙanshi gaba ɗaya. Ba ta gaya wa kowa ba, har mijinta. Ta koma duba launin gyaɗa da murza ta da yatsu, sau biyu tana ƙonewa ta ɗora wa itace laifi. Idan aka miƙo mata turare sai ta kalli kwalbar ta yi canke. Abin da take tsoro ɗaya ne: ranar da matan garin za su gane, su fara cewa man Zuliha ma yanzu sai an duba.

Ana cikin haka 'yarta ta fari, Hamdiyya, ta zo hutu daga jami'a a Kano. Karatun halayyar ɗan Adam take yi, ɓangaren yadda mutum yake ji da gani da ɗanɗano. Tun can Zuliha tana yi wa karatun dariya a gaban maƙwabciyarta Lami, wai yanzu shinshina ma sai an je jami'a. A gaban Lami kawai, domin Zuliha irin matan zamanin da ce, masu kunyar 'yar fari. Ba ta taɓa kama sunan Hamdiyya ba, sai dai "'yar nan." Ba su taɓa zaman hira su biyu ba. Idan tana da magana da ita, sai ta fuskanci Lami ta faɗa da ƙarfi, wadda ake nufi ta tsinta.

Hamdiyya ta zo da ƙananan kwalabe shida naɗe da takarda, kowace da lamba. Aikinta na shekarar ƙarshe ne, za ta gwada hancin mata ashirin masu sana'ar girki. Tun da Zuliha ta ji haka ta shiga neman mafita. Ta yi tunanin ta ce zazzaɓi take, ta yi tunanin zuwa gaisuwa garin Balan, amma safiyar ranar gwajin mata suka cika gidan kafin ta sami mayafi.

"A fara da Zuliha," in ji Lami, tana tafa hannu. "Ta nuna wa 'yan jami'a abin da ake kira hanci!"

Hamdiyya ta ce ɗaya bayan ɗaya za a shiga ɗaki. Ta durƙusa, ta ce, "Inna, zan ɗaure miki ido," ta ɗaure da ɗankwali. Zuliha ta zauna a bakin gado. Da ma jiya ta hangi 'yar tana karɓar daddawa da citta da kanumfari a wurin Lami, ta haddace su.

Kwalba ta farko ta zo bakin hancinta. Ta ja numfashi har ƙirjinta ya yi zafi. Babu komai, iska kawai.

"Daddawa," ta ce, da muryar nan tata ta yanke hukunci.

Ta ji biro yana tafiya a kan takarda. Ta biyu ta ce citta. Ta uku ta ɗan jinkirta don a ga ta san aikinta, ta ce, "Kanumfari, mai kyau ma." Nan biron ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har Zuliha ta ji kukan akuya a waje da dariyar mata. Sai Hamdiyya ta ce a hankali, "To, Inna. Ga ta huɗu."

Da suka fito mata suka yi caa, nawa ta ci? Hamdiyya ta ce ƙa'idar aikin ba a faɗa, ko suna ba ta rubutawa, lamba ce. Zuliha ta fara samun numfashi ke nan sai ga Lami ta fito daga nata gwajin tana ƙyaƙyata dariya. "Kun ga yarinya da wayo! Ta ukun nan ruwa ne zalla, saura kaɗan in ce wani abu!" Zuliha ta sunkuya tana gyara itace a murhun da babu wuta.

Kwana biyar ta yi tana jiran magana ta fasu. Ko sallama aka yi sai ta ɗauka maganar ce aka kawo. Hamdiyya kuwa, duk safiya sai ta sami abin yi kusa da kasko, idan gyaɗa ta kusa yi ta ce, "Kai, gyaɗar nan akwai ƙanshi," ta wuce abinta.

Ranar da za ta koma, Lami ta shigo sallama. Zuliha na bakin murhu, Hamdiyya ta juya mata baya, ta fuskanci Lami, ta ɗaga murya yadda uwarta take yi.

"Gwaggo Lami, malaminmu ya ce akwai murar da ke ɗauke wa mutum jin ƙanshi. Wai idan ya dage yana shinshina abu huɗu masu ƙarfi safe da yamma, wasu yakan dawo musu. Sai dai haƙuri, wata da watanni. Kuma ya je asibiti a duba shi."

"Ikon Allah," in ji Lami. "To ni me ya shafe ni?"

Bayan motar Kano ta tashi, Zuliha ta tarar da kwalabe huɗu a bayan kwanukan jerenta, wannan karon da abin da ke ciki a bayyane. Asibitin Gaya ta je da sunan ciwon kai. Kwalaben kuwa kullum sai ta tura ƙofa ta buɗe su, safe da yamma, tana jin kanta kamar mahaukaciya. Wata ɗaya, shiru. Wata biyu, shiru. Ta fara cewa a ranta karatun nan dai ƙarya ne.

Wata safiya a wata na uku tana cikin ɗaki tana neman matankaɗi, sai wani abu mai ɗaci ya soki can cikin hancinta. Ta tsaya cak. Ƙauri ne. Gyaɗa tiya huɗu ce ke ƙonewa a kasko, ita kuwa ta fito ta tsaya a kanta tana shaƙar hayaƙin, hawaye na zuba, ta ƙi saukewa.

Lami ta faɗo gidan da gudu. "Zuliha! Lafiyarki? Gyaɗa ta zama gawayi!"

Zuliha ta share ido da bakin zani. "Kina da lambar 'yar nan a wayarki?"

"Ina da ita."

"Ki kira ta. Ki ce mata gyaɗa ta ƙone yau, kuma daga cikin ɗaki na ji."