Ganyen Shayin Ɗan Bama

Na so in bar wannan labari a cikina, don har yau ban san wa ke da gaskiya a falon nan ba. Amma tunda na fara, to.

A Aubervilliers, gefen Paris, na san shi, muna ɗaukar kwalaye a rumbunan kaya. Da ya ce mini daga Bama yake, na ce ta Barno? Ashe waccan ƙasar ce, wadda tsofaffin sojan Kano suke ba da labarin yaƙinta. Ɗan siriri, mai bin addinin Buda, ba haƙoran gaba. Ina tsokanarsa wai sukari ne. Sai daga baya na ji a kurkukun soja ya baro su, tun yana ɗalibi.

Shekarar da limamansu masu jan mayafi suka fito titi aka buɗe musu wuta, na raka shi zanga-zanga a Paris. Ya rufe fuskarsa da hoton jagorar ƴan adawarsu, matar da soja suka kulle a gida, don kada ƴan ofishin jakadancinsu su ɗauke shi hoto a je a sami uwarsa. Ni ma na ɗaga nawa, ina ihu da kalmomin da ban san ma'anarsu ba.

Da na koma garin Bron da iyali, nesa da Paris, duk babbar Salla sai ya hau jirgin ƙasa ya zo. Kullum da kwalbar ganyen shayi jiƙaƙƙe, wanda suke ci da gyaɗa da tafarnuwa. Ba mai taɓawa sai ni. Nakan ce masa, "Mutanen da ke tauna shayi, ina za su iya zaɓe?" Sun iya kuwa. Aka saki matar, ta ci zaɓe, ya kira ni yana kuka.

Sai Sallar da aka shiga ƙona ƙauyukan Musulmin ƙasarsu, ana kora su ƙetaren iyaka, ita kuma ta yi shiru. Kowa a masallaci da bidiyo a waya. Na yi fatan kada ya zo, sai ga shi da kwalbarsa.

Falo cike. Akwai wani Alhaji ɗan Cadi, dattijon unguwarmu, wanda in ya tashi daga tire kowa zai tashi. Aka gaisa sama-sama. Na yi barkwanci kan ragon Faransa da ba ya da kitse, ba wanda ya yi dariya. Abokina ya ajiye wayarsa a kan tabarma, ga hoton matar a bayan waya.

Alhaji ya dube ta ya ce da Faransanci, "Ita ce?"

"Ita ce, Alhaji."

"Ba ta da baki ne yanzu?"

"Soja ne ke da bindiga. In ta yi magana, za su karɓe komai."

"To me ya rage da ba su karɓe ba?"

Maiɗakina ta tsaya a bakin kicin da faranti a hannu. Abokina ya kife wayar. Ya buɗe kwalbar, ya zuba ganyen a ƙaramin kwano, ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu. Ya ce a ƙasarsu in an yi rigima aka shirya, wannan ake ci a kwano ɗaya.

Shekara da shekaru ina cin abin nan, bai taɓa gaya mini ba.

Alhaji ya daɗe yana kallon kwanon. Ni dai ina kallon gwiwarsa, ko zai miƙe. Can ya ce, "Ɗana, ba da ni kuka yi rigima ba. Ba zan ci a madadin waɗanda ke gudu cikin ruwa da ƴaƴansu ba." Sai ya tura masa haƙarƙari gabansa. "Amma kai baƙo ne. Ci."

Abokina ya ci loma biyu. Ni na tsoma hannu a kwanon, ni kaɗai, kamar kullum. Kafin la'asar ya ce lokacin jirginsa ya yi. Na raka shi tashar tiram, jirgin cikin gari, muna maganar tsadar tikiti.

Da na dawo, maiɗakina na kwashe kwanuka. Ta ɗaga kwalbar, saura fiye da rabi, ta ce, "Malam, in zubar, ko in sa a firiji ko zai dawo baɗi?"