Ruwan da Muka Ba Tsohon Ciyaman

A garinmu, cikin ƙasar Bakura, ba a tambayar baƙo abin da ke tafe da shi sai an ba shi ruwa ya sha. Ranar da tsohon ciyaman ɗinmu ya zo neman goyon baya, ni na tashi kawo ruwan.

Shi ne ya buɗe mana rijiyar burtsatse lokacin da yake kan kujera, da kiɗa da ɗaukar hoto. Ashe da mota aka kawo ruwa aka cika tankin. Bayan kwana uku famfo ya ƙafe, muka koma tafki tare da shanu.

Na wuce ruwan ledar da aka sayo dominsa, na ɗebo na randarmu, jawur kamar kunun kanwa. Na durƙusa, na miƙa masa kwano. Ya leƙa, ya kau da kai.

Baffana ya harare ni. "Kai, ba ka da kunya?"

Na ce, "Baffa, ai shi muke sha. Ranka ya daɗe, bisimilla."

Bai sha ba, kuma duk zauren ya gani.

Tun daga nan, kowace Talata in mun je kasuwar Mafara, sai mu ajiye jarkar ruwan tafki a ƙofar gidansa da ke can, da takardar neman ya zo ya yi mana bayani. Masu gadi su zubar, mu kawo wata. Dattawa sun ce mu haƙura, ai ya bar kujera. Ya bar ta, amma 'yata har yau da tsumma take tace ruwan sha. Talatar nan ma jarkata a cike take.