Ziyarar kabarin Malam Habu

Ni ce Kande, matar marigayi Malam Habu. Ban yi karatu ba, ɗana Lawal ke rubuta abin da nake faɗi, don 'yan uwa na Tasawa da suka tambayi yadda tafiyar ta kasance.

Malam ya rasu a wurin kiwon raƙuma, can gabas da Ɗa'ifa, aka binne shi a ƙauyen da ke kusa. Ina cikin takaba, ban je ba. Yayarsa Hansatu tana kwance a Tasawa, ta aiko cewa ba ta son ta bar duniya ba ta ga inda aka ajiye ƙanenta ba. Aka samo mata aron waya a hannun wani maƙwabci, ranar Talata daga ƙarfe biyu zuwa uku, domin da la'asar zai yi tafiya. Ƙarfe huɗu zuwa biyar ke nan a nan ƙasa mai tsarki.

Daga Rusaifa

Mun tashi daga unguwarmu Rusaifa ƙarfe huɗu da rabi na asuba. Kafilin Malam, wato ubangidansa mai raƙuman, ya ce mu bi motarsa da za ta kai wa makiyaya kaya. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado biyu da murhu da banɗaki, a samanta kuma wani faranti a kwance. Direban, Baba Isiya, Basakkwace ne mai furfura. Ya ce farantin yana kamo intanet daga tauraron ɗan Adam, wani ɗan akwati a ciki ya raba wa wayoyi ba tare da igiya ba, amma sai mota na tsaye.

"Can inda za mu, Hajiya, ko aljani bai da sabis," in ji shi.

Muka bi hanyar Sailu, muka yi Asuba a wani gidan mai. A shinge ɗan sanda ya karɓi iƙamarmu, takardun izinin zama, ya leƙa cikin motar, ya tambaya ko bulaguro za mu. Lawal ya ce ziyarar kabari. Ya miƙo takardun, ya yi mana ta'aziyya.

Muwaihi

Ƙarfe sha ɗaya muka isa Muwaihi. Suka ci shinkafa da kaza, ni shayi kawai na sha. Daga nan muka bar kwalta, awa biyu da rabi cikin rairayi da duwatsu. A nan na yi kuka, don hanyar da yake bi ke nan duk bayan wata uku ya zo gida, bai taɓa gaya mini haka take ba.

Maƙabarta

Makiyaya bakwai muka tarar suna jira a bakin maƙabartar. Babbansu Malam Ɗan'azumi ne, shi ya yi wa Malam wanka. Baba Isiya ya danna wani abu, farantin ya miƙe yana juyawa, ya yi minti goma sha biyar kafin ya tsaya. Nan take kowa ya ciro waya. Wasu wata biyu ba su ji muryar gida ba, kuma sun san lambobin sirrin tun zuwan baya.

Ƙarfe huɗu ya yi, Lawal ya kira Tasawa. Hoton Hansatu ya fito ya daskare, baki buɗe.

"Kun ga? Kun rataye masa duka kamar kaska," in ji Baba Isiya. "Bari in canza lambobin."

Na ce ya bari, su ne suka haƙa masa kabari. Ɗan'azumi ya ji, ya juya ya ce, "Kai, ku kashe! Sani, matarka ba za ta gudu kafin magariba ba."

"Ba ka san ta ba ne," in ji Sani. Amma ya kashe, sauran ma suka kashe.

Mai gadin maƙabartar ya tare ni a ƙofa, ya ce mata ba sa shiga. Na san da haka, na dai gwada. Lawal ya shiga da wayar. Taku talatin, kiran ya yanke, ga shi kabarin yana can kusurwar baya. Sai da aka kwantar da farantin, aka zagaya da motar bayan katanga, aka sake tayar da shi. Lokacin saura minti goma sha biyu biyar ta cika.

Katangar ta fi ni tsawo. Na tsaya na jingina da ita, ina jin muryar Hansatu daga ciki tana tambaya wanne ne, don a nan ba a rubuta suna. Ɗan'azumi ya ce na uku daga kusurwa, shi ya ajiye dutsen da hannunsa. Ta yi addu'a mai tsawo. Sannan ta ce, "Ina Kande?"

Lawal ya ce ina waje, an hana ni shiga. Ta ce ya ƙara murya.

"Kande, kina ji na? Baƙin dutse ne a wajen kai. Ƙasar ja ce, irin tamu. Akwai 'yar ƙaya a gefe, tana ɗan ba shi inuwa. An gyara shi sarai, bai rufta ba."

Na ce na ji, Yaya. Daga baya Lawal ya ce zai nuna mini hoto, na ce ya bari, an riga an gaya mini.

Komawa

Muka bar farantin a tsaye har magariba, makiyayan suka kira gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Muka kwana a motar, muka tashi bayan Asuba, muka shigo Rusaifa ƙarfe uku na yamma ranar Laraba.

Na gode wa kafili, da Baba Isiya, da mutanen nan bakwai, da mai wayar aro wanda ban san ko sunansa ba. Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba Yaya sauƙi.