Turare Mai Ciyar da Tanki

Ma'aikatan kicin ne suka laƙa masa suna Turare, kuma ba don ƙamshi ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a bayan wani babban gidan abinci yana ciyar da tankin da ke ba su iskar gas ɗin girki. Kafin nan shara yake kwasa a kasuwar kayan gwari. Da matar da ke da gidan abincin ta sa aka gina mata tankin a ƙarƙashin ƙasa, sai ta rasa mai kula da shi, duk wanda aka kawo kwana biyu yake yi ya gudu. Shi kuwa da aka kawo shi ya leƙa ramin, ya shinshina, ya ce ai wannan bai kai kwandon tumatirin da ya kwana uku a rana ba.

Wuni ɗaya injiniyan da ya gina tankin ya yi yana koya masa, sauran shi ya koya wa kansa. Kullum da safe sai ya zauna gaban durom ɗin sauran abinci, ya sa hannu ya tsince ƙashi da leda da cokulan da aka watsar, ya markaɗe abin da ya rage, ya dama da ruwa, ya ɗura wa tankin kaɗan-kaɗan. Ya gane tankin ba ya son ɓawon lemo, ba ya son ruwan sabulu, in kuma aka cika masa mai sai ya yi tsami. Da ya ga wutar murhu ta rage ƙarfi sai ya ce cikinsa ne ya ɓaci, ya tura baro mahauta ya ɗebo masa ɗanyen kashin shanu.

Dusar da tankin ke fitarwa shanya ta yake yi ya kai gida. Matarsa ta haɗa ta da ɓuntun shinkafa da totuwar masara da ta ƙona a durom, ta kwaɓa da sitacin rogo, ta danna a gwangwani, ta jera dunƙulen gawayin a rana. Masu shayi da masu guga suna rububinsa, don yana daɗewa kuma ba ya hayaƙi. Da wannan baƙin dunƙulen suka sa 'ya'yansu mata uku a makaranta.

Murhu takwas ke ci da gas ɗinsa, amma ba a yarda ya taka kicin ba. Kwanon abincinsa a ƙusa yake rataye a wajen ƙofar baya. Babban kuku, wani dogo mai farar riga da ba ya jure ko ɗigon miya a jikinta, in ya hango shi sai ya ce, "Turare, matsa baya, kar ka tsinka mini madara." A yi dariya, shi ma ya taya su.

Wata ranar Litinin babban kuku ya sa aka wanke kicin da bilic, ruwan nan mai kashe ƙwayoyin cuta. Kai ruwan zuwa kwatar waje ya yi wa masu wankin nisa, sai kukun ya ce su juye a bakin tanki, ai duk ƙazanta ce. Bokiti shida aka juye. Zuwa Laraba wuta ta mutu a murhu takwas ɗin, ga kuma abincin wani babban taro da aka karɓa za a kai ranar Asabar.

Turare ya samu uwar ɗakinsa a tsakar gida ya durƙusa. "Ranki ya daɗe, an kashe tankin. Sai an kwashe cikinsa gaba ɗaya an sake sabon zubi. Amma sai an buɗe murfin ya sha iska kwana uku kafin mutum ya shiga."

"Kwana uku a ina?" in ji ta. "Kai da hancinka ya saba? In ba za ka iya ba ka faɗa mini, akwai masu nema."

Ya tashi ya nufi tankin. Ya buɗe murfin, ya zura tsani, ya ɗaura igiya a ƙugu ya miƙa wa maigadi da babban kuku bakinta. Bokiti biyu ya miƙo sama. A na uku suka ji faɗuwarsa.

Suka fara ja. Da igiyar ta taso da ruɓaɓɓen ruwa ta fantsama wa babban kuku a riga, sai ya sake ta ya ja da baya, Turare ya koma ƙasa. Maigadi tsoho ne, shi kaɗai ya yi ta fama yana kira, sai da wasu masu wanke-wanke biyu suka zo aka fito da shi, kansa na bugun bakin ramin. Direban gidan ya ce wallahi ba a sa masa wannan a mota haka. Aka shimfiɗe shi a ƙasa aka jawo tiyo aka wanke shi, gaba da baya, aka nemo buhunan shimfiɗa, sannan aka tafi asibiti. Likita ya ce da an kawo shi da wuri da abin bai kai haka ba.

Kwana tara ya yi bai san inda yake ba. Ya farfaɗo hannun dama na rawa, magana kuma sai ya yi kokawa da kowace kalma kafin ta fito. Uwar ɗakinsa ta zo sau ɗaya, ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Ai da ka faɗa mini abin da haɗari haka, da ban bari ka shiga ba," ta ce.

"Ya faɗa miki, ranki ya daɗe," in ji matarsa. "Maigadi ma ya ji."

Da aka tambayi maigadi sai ya ce shi kunnensa ba ya ji sosai. Maganar bilic kuwa ba wanda ya tayar. Aka aiko masa da buhun shinkafa, aka ba ƙanen babban kuku aikinsa.

A gida ya so ya taya matarsa. Zai cika gwangwani ya danna, hannun ya yi rawa, dunƙulen ya wargaje. Ta yi haƙuri sati biyu, rannan ta karɓe gwangwanin. "Bari, baban yara, ɓarna kake yi mini." Babbar 'yarsu ce ta bar makaranta ta zauna a gurbinsa, shi kuma aka bar masa korar kaji daga shanya.

Bayan wata huɗu sai ga ƙanen babban kuku a ƙofar gida. Tankin ya sake yin tsami, mutumin ya rasa yadda zai yi. Matar Turare ta ce, "Kada ka gaya masa komai. Su je su tambayi mai farar riga." Amma fuskar Turare ta washe, tunda ya dawo daga asibiti ba a tambaye shi komai ba sai ranar. Kusan awa guda ya yi yana bayani, yawu na zubo masa, mutumin na tsaye yana latsa waya yana ƙarasa masa kalmomi. Da ya samu abin da yake so ya juya ya tafi, Turare na tsakiyar magana.

Tankin ya warke. Har ɗalibai ake kawowa a mota su kalle shi, uwar ɗaki na yi musu bayanin yadda ta mai da shara wuta.

Shekara biyu Turare ya ƙara, ya rasu da damina. Daga gidan abincin maigadi kaɗai ya je gaisuwa, ya zauna a ƙarshen tabarma bai yarda sun haɗa ido da matar Turare ba. Babban kuku kuwa, daga bakin ƙanensa, ya koyi kwaikwayon maganar Turare ta bayan asibiti, har da rawar hannun. In aiki ya lafa da rana sababbin ma'aikata kan roƙe shi ya yi musu, wani lokaci uwar ɗaki ma ta leƙo daga ofis ta ce a sake daga farko.