Matar da Ta Ƙi Buga Takardar Gonarmu

Ƙarfe takwas da rabi take buɗe ƙofar ofishin lauya Lavin, ko ana ruwa ko ba a yi, kuma a nan yankinmu na Roscommon ranar da ba a yi ba ita ce abin labari. Ta dafa shayi, ta buɗe wasiƙu, ta jera fayil ɗin ranar a teburin maigida. Shi sai ƙarfe goma. Shekara arba'in da ɗaya Attracta Gilhooly tana wannan aiki, ta yi wa uban, ta yi wa ɗan. Juma'ar da ta wuce ta miƙa makulli. Sunan da ke jikin allon tagulla a bakin titi na Lavin ne. Nata ba ya ko'ina.

Ni ba marubuci ba ne. Ina ɗan shekara sha huɗu na bar makaranta na koma kiwon shanu. Amma da na ji an sallame ta da furanni da kati, lauya ya yi jawabin minti biyu yana satar kallon agogo, na ce ko ba wanda zai karanta sai na rubuta.

Ku tambayi kowa a kasuwar shanu. Wasiyyar rabin mutanen yankin nan a ɗakin ajiyarta take, kuma ta san inda kowacce take ba sai ta duba littafi ba. Masu binciken ofisoshin lauyoyi in sun zo daga babban birni Dublin, ita ke fito musu da komai a tsare, su gama su yaba wa Lavin. Ita ba lauya ba ce, ba ta da ikon ba kowa shawara. Ita dai ce ta san ƙa'idar, kuma ita ke tsoron karya ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da ta yi mini, kuma a lokacin ban ɗauke shi alheri ba.

Shekara tara da suka wuce, bayan rasuwar babanmu, na kai uwata Bernadette ofishin don ta sa hannu ta mallaka mini gona da gidan da ke cikinta. Ni ke noma ta, 'yan'uwana suna can ƙasar waje a Boston, sai dai kati a Kirsimeti. Haƙƙina ne, haka na gani. To ƙa'idar lauyoyi ta ce in za a yi kyautar ƙasa irin wannan, lauya ɗaya ba zai tsaya wa mai bayarwa da mai karɓa ba, dole tsohuwa ta sami nata daban. Lavin ya ce kada in damu, yana da aboki lauya a wani gari, za a aika masa takardar ya sa hannu a kan cewa ya gana da ita. Ranar kasuwa ce, ina da maruƙa huɗu a tirela suna kuka, sai na ce madalla.

Ina tsaye ya ce, "Attracta, buga mini takardar gonar Tansey, ki sa sunan abokin nan nawa a matsayin lauyan Misis Tansey."

Ta ce, "Ya gan ta?"

"Zai yi magana da ita."

"Yaushe? Bayan ta sa hannu?" Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Mista Lavin, ga kwamfutar nan. Yatsu goma gare ka kamar ni."

Ya ce mata masu neman kujerarta sun fi a ƙirga. Ta ce ya kira su, amma kafin su iso za ta kai Misis Tansey tsallaken titi wurin lauya Feerick. Ta ɗauki lema, ta kama hannun uwata. Na bi su. A bakin ƙofa ta juyo.

"Ina zuwa, Malachy?"

"Uwata ce fa."

"Na sani. Ina coci ranar da aka yi maka baftisma, ka cika mana kunne da ihu, har yau ba ka daina ba. Je ka ba maruƙanka ruwa. Wannan ba da kai ba."

Awa ɗaya da rabi suka yi. Da takardar ta fito, an ƙara mata layi: gona tawa, amma uwata za ta zauna a gidan har ƙarshen ranta, ba mai fitar da ita, ba mai sayarwa tana ciki. A mota na ce, "Mama, ashe ba ki yarda da ni ba?" Ta ce, "Na yarda da kai, ɗan nan. Ba wanda ya taɓa tambayata abin da nake so ne, sai yau."

Shekara shida ban gai da Attracta ba. In na hango ta a coci sai in canza benci. A mashaya na kira ta da sunayen da ba zan rubuta ba.

Sai uwata ta faɗi ta karya ƙashin ƙugu. A daidai lokacin wani mutumin Dublin ya zo yana son gidan don hutu, da farashin da zai gina mini sabuwar rumfar shanu. Na je na duba gidan kula da tsofaffi. Na ce wa kaina don lafiyarta ne, har na zaɓa mata ɗaki mai taga. Na je wurin Lavin, ya buɗe fayil, ya ɗora yatsa a kan layin nan, ya ce ba hanya sai da yardarta, kuma a gaban nata lauyan. Na tambaye ta. Ta ce a'a. Magana ta ƙare.

Da an bi yadda na so tun farko, ba tambaya zan yi ba. Saka ta zan yi a mota. Ni ɗin nan, ɗanta, da nake rantsuwa ba zan taɓa ba.

Ke ce kika gan ni tun kafin in ga kaina, Attracta. Ba ki ce ni mugu ba ne. Kin dai ga 'ya'yan kirki da yawa sun shigo riƙe da hannun tsofaffinsu, kin kuma ga inda tsofaffin suka ƙare. Ke ce katangar tsofaffi, wadda ba a ba ta takardar shaida ba. Yau uwata tana da shekara tamanin da takwas, tana kicin ɗinta da sandarta, tana gasa burodi tana yi mini faɗa a kan takalmi mai taɓo.

Shekara ukun da suka biyo baya kunya ce ta hana ni gaishe ta. Ranar Asabar na same ta a shagon nama, na ce na zo ba da haƙuri. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Shekara tara, Malachy? Ko saniya ba ta kai haka kafin ta gane turkenta." Sai ta ce, "Ya ƙugun Bernadette?" Ta juya ta ci gaba da zaɓen namanta.

Na gode, Attracta. Lavin ya sayar da ofishin ga wani babban kamfani, sun ce ba za a cike kujerarki ba, kwamfuta ta isa. To kwamfuta abin da aka ce ta buga shi take bugawa.

Ku masu zama a teburin gaba na ofisoshin lauyoyi, da ku lauyoyin kanku in kuna da kunne, wata rana wani irina zai shigo da uwarsa, yana fara'a, yana sauri, yana cewa ai mun gama magana tun a gida. Kuma har zuciyarsa ba ƙarya yake yi ba. Ku tsayar da shi a waje.