Hannun Misis Sobczak

Shekara talatin da huɗu Bernadine Sobczak ta yi tana ɗinka sunayen mutane a bayan riguna, a wani ɗan ɗaki da ke ƙarƙashin filin ƙwallon kwandon garinmu, kusa da injinan wanki. Ni ne mai kula da kayan 'yan wasa, sunana Odell, ƙofata tana kallon tata. Duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyarmu, daga wanda ya shekara goma har wanda aka ɗauka na kwana goma aka sallama, hannunta ne ya kafa sunansa. Ta yanka haruffan da almakashi, ta jera su, ta bi gefen kowanne da allura. Tana da keken ɗinki, amma ta ce keke na lamba ne, suna kuwa sai hannu.

'Yan wasa Mama Bernie suke ce mata. Gajeriya ce, da kyar kanta yake wuce ƙugun wasunsu, amma in ta ce, "Kai, sunkuyo in auna kafaɗar nan," sai ka ga ƙato mai ƙafa bakwai ya durƙusa ba musu. Mijinta Leszek ya rasu shekarar da aka rufe masana'antar ƙarfe, kuma ba su haihu ba. Duk Juma'a takan kawo mana pierogi cike da tukunya, wani abincin fulawa da ake cusa wa dankali da cuku, mu wawashe mu bar mata wankin tukunyar.

To, kowace shekara in Yuli ya kama, kwantiragin manyan 'yan wasa ya ƙare, kasuwa ta buɗe, kowane tauraro ya zaɓi inda zai koma. Mu ma sai mu shiga layin zawarci. Mu fa! Garin da dusar ƙanƙara take binne mota daga Nuwamba har Afrilu. Yaro yana da zaɓi tsakanin Miami da Los Angeles, me zai zo ya tsinta a wurinmu? Amma manyan da ke sama ba su da kunya. Za su gayyato shi, su cika masa ciki, su nuna masa fim ɗin yadda zai zama sarkin gari, a ƙarshe a fito da riga mai sunansa da lambarsa. Ya yi murmushi, ya ce kai, ta yi kyau, ya bar ta a kan kujera. Bayan kwana uku mu gan shi a talabijin da rigar wasu.

Rigar sai ta dawo ƙasa. Ba a son labarin ya fita, don haka Bernadine za ta sa reza ta warware sunan, zare bayan zare. Ba ta zubar da haruffan. A wani gwangwanin biskit take tara su, ta ce yadi mai kyau ne, zunubi ne a yar. Sunaye goma sha tara ta ɗinka haka ta warware.

Ni na jawo mata abin da ya same ta, gara in faɗa tun yanzu. Akwai wani Dutch Mallory mai shirin wasanni na safe a rediyo, mutumin da bakinsa bai taɓa hutawa ba. Wata rana muna shan kofi a baranda yana ta tsine wa sanyin garin nan, wai shi yake korar mana taurari. Na ce, "Dutch, ba sanyi ba ne. Akwai wata tsohuwa a ƙasa, duk wanda ta ɗinka sunansa ba ya zuwa. Sha tara, ko ɗaya bai tsaya ba." Wallahi wasa nake yi, so nake ya yi dariya. Ya kuwa yi, har kofi ya sarƙe shi.

Washegari da safe na ji maganata a rediyon motata, da sunanta cikakke.

Gari ya karɓa hannu bibbiyu. Ai ya fi daɗi a ce wata tsohuwa ce mai farar ƙafa da a ce babu mai son zama da mu. Masu buga waya suka yi ta kira, wannan ya ce a ɗaure mata hannu duk watan Yuli, wancan ya ce a tura ta ta yi wa abokan gabarmu aiki. Aka buga riguna da hoton almakashi ana sayarwa a bakin filin. Wani ya rataya mata safar hannun ɗaukar tukunya a ƙofar gida. A cocinsu, wata mata da ta ba ta ɗinkin rigar baftismar jikarta ta zo ta karɓe yadinta, wai ta canza shawara. 'Yan wasan ma da take auna wa kafaɗa suka fara raɓewa in sun hango ta. Ɗaya ya zo ya raɗa min wai in ba damuwa in riƙa miƙo masa rigarsa da kaina.

Ta tsaya a bakin ƙofata wata Litinin, tabaraunta a rataye a wuya.

"Odell, wa ya ƙirga musu sha tara?"

"Oho, Misis Sobczak. Mutum nawa ne suke shiga ɗakin nan naki?"

Ta dube ni har na fara gyara takalman da suke a gyare. Sannan ta ce, "Ɗaya kawai nake roƙo. Ɗaya ya zo ya sa hannu kafin in bar aikin nan, in ga bakin da zai sake cewa hannuna ne." Juma'ar makon ta kawo pierogi kamar kullum, na kuma ci.

Shekara biyu bayan haka kwantiragin Kendrell Fontenette ya ƙare, yaron da a lokacin babu kamarsa wajen jefa ƙwallo daga nesa. Muna da sabon manaja, Mista Kessinger, ɗan boko mai yawo da kwamfuta a hammata. Ya kira ni ofishinsa.

"Odell, ni ban yarda da camfi ba, ka sani."

"Na sani, yallaɓai."

"Amma gari ya yarda, kuma gari ne yake sayen tikiti. Daga yau wani kamfani ne zai riƙa manna mana sunaye da inji. Misis Sobczak za ta huta a farkon kakar wasa, za mu karrama ta. Rigar Fontenette kuwa, in na ji ta taɓa ko da wuyanta ne, kai da ita za ku fita ta ƙofa ɗaya."

Saura min shekara uku in yi ritaya. Na ce na ji.

Ranar ganawa da Fontenette, ƙarfe biyu aka sa. Ƙarfe goma na safe kwalin kamfanin ya iso, na buɗe, na ɗaga rigar. FONTENETE. Sun cinye T guda. Kamfanin yana can tafiyar awa uku, kuma abin da inji ya manna da zafi ba ya ciruwa sai ya yaga riga. Ka gayyato mutum ka ce masa shi ne ranka, sannan ka kasa rubuta sunan ubansa?

Na tsallaka zuwa ɗakinta. An riga an kwashe mata yadin haruffa, tana zaune tana rage wa wani wando tsawo. Na shimfiɗa rigar a gabanta. Ta karanta, ta sake karantawa.

"An hana ni taɓawa," in ji ta.

"Don Allah, Misis Sobczak."

"Rufe ƙofar. Kawo sabuwar riga."

Ta jawo gwangwanin biskit ta zazzage a kan tebur. Haruffan mutum goma sha tara da suka ƙi mu. Ta sa yatsa tana tona su, ta fitar da F, ta fitar da O, N biyu, E uku, T uku. Ta goge su, ta jera, ta zura zare. Yatsunta sun kumbura da ciwon gaɓɓai a lokacin, amma ban ga allurar ta tsaya ba. Ƙarfe ɗaya da rabi ta datse zaren ƙarshe da haƙori ta miƙo min.

"Ka goge ta daga ciki. Kada ka ƙona min aiki."

A ɗakin ganawar Fontenette yana kishingiɗe yana danna waya, Kessinger yana ta zuba kamar famfo. Gefen yaron akwai kakarsa da ta raine shi a Louisiana, wata tsohuwa mai hular zuwa coci. Da na kawo rigar ya ɗaga ya kalla ya ce madalla, zai ajiye ke nan ta karɓe. Ta juya ta ciki waje. Ta bi bayan haruffan da babban yatsa a hankali, sannan ta yafito ni.

"Ɗana, wa ya yi wannan? Shekara arba'in na yi ina ɗinki. Wannan hannun mutum ne, kuma mai hannun ba ta yi gaggawa da sunan jikana ba."

Kessinger yana taku biyu daga inda nake, ya juyo da kunnensa.

Na ce, "Inji ne, Madam. Sabon inji muka samu."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "To, ka gaishe min da injin." Ta ninke rigar ta sa a jakarta, ta sunkuya ta raɗa wa jikanta wata magana. Ban ji abin da ta ce ba, kuma ba zan yi ƙaryar cewa riga ce ta kawo shi ba, don kuɗin da aka zuba masa ba na wasa ba ne. Amma ita ce riga ta farko da ba a bari a kan kujera ba. Ranar Alhamis ya sa hannu.

Gari ya haukace. Motoci suna ta oda har bakin tabki. Dutch yana ihu a rediyo: "Kun gani ko! An janye hannun tsohuwa, tauraro ya sauka! Shekara nawa muka ɓata, jama'a?"

Ta kira ni a waya, tana murna kamar yarinya. "Odell, ya sa hannu! Da haruffan gwangwani! Yaushe za ka gaya musu?"

"Bari abin ya ɗan lafa, Misis Sobczak."

Aka sa karramawar a wasanmu na farko a gida, ranar Lahadi da rana, lokacin hutun rabi. Ta yi gyaran gashi, ta sa rigarta ta coci mai ruwan toka. Mutum dubu goma sha takwas. Da mai sanarwa ya kira sunanta ta fara takowa tsakiyar fili, sai wani ɓangare ya ɗauki waƙa, "Kar ki taɓa shi! Kar ki taɓa shi!" Kafin ta kai tsakiya duk filin ya amsa, ana buga ƙafa. Fontenette aka sa ya miƙa mata kyautar. Ba mugu ba ne, yaro ne mai son tafi. Ta miƙa masa hannu, shi kuma ya yi tsalle baya ya ɓoye hannayensa a hammata yana zare ido. Filin ya fashe da dariya. Aka nuna fuskarta a babban allo, hannunta yana nan a miƙe, aka daɗe ana nunawa.

Kyautar riga ce mai lamba talatin da huɗu, kamfanin nan ya manna sunanta. SOBZAK.

Ina tsaye a bakin hanyar shiga ɗakunan ƙasa, tawul a kafaɗa, ta zo wucewa. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga rigar ta nuna min.

"Harafi ɗaya suka ci min. Akwai C a gwangwani, amma wannan ba ya gyaruwa." Ta ninke ta. "Ka gaya musu, Odell?"

"Ba yanzu ba."

"Saura maka shekara uku ka yi ritaya ko?"

Ta gyara min tawul ɗin da ke neman zamewa daga kafaɗata, ta wuce.

Ba ta kai shekara ukun ba. A ta biyu ta rasu, cikin Fabrairu, mu tara ne a coci har da limamin. Washegari Dutch ya yi shiri a kanta, na ji ana ta barkwanci, raina ya ɓaci. Na tsayar da mota a gefen titi na buga waya da niyyar in faɗi komai, da kwalin, da gwangwanin, da kakar Fontenette. Aka sa ni a layi.

"Jama'a, ga Odell na ɗakin kaya, shi ya fi kowa saninta! Odell, tsakaninka da Allah, hannun nan nata gaskiya ne?"

Na san Kessinger yana sauraron shirin kullum a hanyarsa ta ofis. Saura min wata goma sha huɗu.

Na ce, "Haba Dutch, ai ni na fara gaya maka."

Ya ƙyalƙyale da dariya, ni ma na taya shi.